Jini a Hankicin Gitel

Shekara uku da ƙarewar yaƙin duniya na biyu, ni da yayata Gitel muna nan a sansanin marasa matsuguni kusa da birnin Munich, cikin barikin sojojin da suka kashe mana kowa. Ƙasarmu Poland ba gida ba ce kuma. Wasu ke kwana a gadon mahaifiyarmu.

Da kyar Madam Feldman ta ƙungiyar agaji ta samo mana gurbi biyu a jirgin ruwan Kanada, a matsayin teloli. Abu ɗaya ya rage: likita.

Muna kan layi da hantsi Gitel ta ƙare min kallo.

"Dube ki, Bluma, fari fat kamar kazar da aka fige. Zo nan."

Ta zaro allura daga kwalar rigarta, ta soki ɗan yatsanta, ta goga jinin a kumatuna, ta goga a nata. Haka ta yi mana sau uku a sansanin mutuwa lokacin yaƙi, inda likita ke nuna wa masu jan kumatu dama, sauran hagu, wajen da ake ƙona mutane.

"Yaya, wannan fa likitan Kanada ne."

"Likita likita ne. Rufe min baki, ki miƙe ƙafaɗa."

Ta share yatsan da hankici ta cusa a aljihu.

Ni na fara shiga, likitan ya buga min hatimi ko kallon kirki bai yi min ba. Gitel na shiga tsoro ya shaƙe ta, tari ya kubce mata. Ta jawo hankicin ta toshe baki.

Likitan ya ga jini. Ya ja kujerarsa baya.

Na faɗa ɗakin ina ihu, na ɗaga yatsanta ina nuna masa hudar allurar. Tafinta ya fassara. Likitan ya ce kowa a sansanin nan da labarinsa, kuma shi ba zai kai wa ƙasarsa tarin fuka ba. A ɗauki hoton ƙirji bayan wata shida.

Madam Feldman ta yi rubuce-rubuce har ta gaji. A ƙarshe ta ce min, "Jirgi ba ya jira, 'yata. Ki tafi, ta biyo ki."

Gitel ma ta ce, "Tafi, shashasha! An nuna min hagu kuma ga ni da rai, ai an ci gaba."

Na ƙi. Haushinta nake ji kamar in shaƙe ta, amma jininta ne ya kawo ni nan, ina zan je?

Saboda abin da likita ya rubuta, aka mayar da gadonta ɗakin masu tarin fuka. Wata shida tana kwana tsakaninsu, ni ina miƙa mata miya ta taga.

Ranar da aka ɗauki hoton, Madam Feldman ta ɗaga shi a hasken taga. Tabo ne a huhun dama, kamar girman kan yatsa, kuma sabo ne.