Gayyatar Bikin Saifuddeen

Ƙyuya ce ta kayar da Saifuddeen, ƙyuyar canza suna guda ɗaya tak.

Yana tsaye a ƙofar gidansu a unguwar Alsawra, ana kafa rumfar bikinsa, sai ga raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya. Abdulmun'im ne, kawun amarya Zahra, tun daga unguwar Hajj Yusuf. Ko gaisuwa bai ƙarasa amsawa ba ya miƙa masa waya.

"Karanta min sunan amarya."

Saifuddeen ya duba. Shafin gayyatar da ya haɗa da hannunsa ne, ga furanni, ga sunansa. A gefen sunan kuwa Husna ce, yarinyar da aka fasa aurensu bara.

Sana'arsa ke nan, haɗa shafukan intanet. Da yake sabis na yawan ɗaukewa, bara ya tsara shafin yadda duk wayar da ta buɗe shi za ta ajiye kwafi a wani ma'aji da ya raɗa wa suna "biki". Kullum shafin zai tambayi waya, akwai ma'aji mai wannan suna? In ta ce akwai, sai ya fito da abin da ke ciki, ba ruwansa da sabo. Bana ya sauya amarya, ya sauya hoto, ya bar adireshi da sunan ma'aji yadda suke. Ya gwada a sabuwar wayarsa, ya ga Zahra, ya tura wa jama'a. Jama'ar kuwa su ne dai na bara, don Hausawan garin nan kowa na zuwa bikin kowa.

"Kawu, wallahi waya ce. An tambaye ta ko akwai, ta ce akwai."

"Ƙarya ta yi?"

"A'a."

"To ta fi ka."

"A goge ma'ajin kawai, yanzu Zahra za ta fito."

"A wayar wa? Tun safe mata ke shiga yi wa uwarta jaje, kowacce da tata a hannu. Uwar Husna ma ta bugo tana tambayar wa ya ba ka izini."

"Zan bi gida gida in gyara, Kawu."

"Ya zol, kai malam, huta. Zahra ta ce ka riƙe wadda ka ajiye."

Ya koma cikin raksha, suka juya.

Zahra ta tafi. Husna dama tana ɗakin mijinta. Rago an riga an yanka, maƙwabta suka cinye. Masu rumfa suka kwance kayansu kafin la'asar.