Ƙofa ta Uku

Shekara arba'in da shida Verna Kratzer na zaune da mutumin da ba ya kuskuren harbi, sai ga shi a bana ya kuskure wudcak ɗaya tak har sau tara. Daga tagar kicin take ƙirgawa. Kullum Orval sai ya dawo yana zagin bindigar, wai bakinta ya karkace, ita kuma ta ce masa lalle kam, bindigogin yanzu ba su da kirki. Bindigar nan fa ta girmi 'yarsu.

Duk wanda ya yi noma a tsaunukan arewacin Pennsylvania ya san wudcak, kuma ba da alheri ya san shi ba. Kamar kurege yake, amma ya kai ƙatuwar kyanwa, ga ƙiba ga gajerun ƙafafu, ba shi da sana'a sai cin ganye da haƙa rami. A da, da zarar an yi yankan ciyawa na farko, Orval kan zauna bayan rumbu da bindiga a cinya. Duk wanda ya kashe sai ya rataye shi a wayar shingen bakin hanya, kai ƙasa, don masu wucewa su ƙirga. Haka ubansa ya yi, haka kowane manomi mai ji da kansa ke yi a kwarin nan. Bana har watan Agusta ya raba, shingen wayam.

Da ganye kawai mugun yake ci, da Verna ta yafe masa. Amma rumbu ya taɓa. Kakan Orval ne ya gina rumbun a jikin gangare, ƙasa ginin dutse inda shanu ke kwana, sama katako inda ake jibge ingirici. Ingiricin bana duk yana ciki, yankan farko da na biyu, abincin shanu goma sha takwas har ƙanƙara ta narke. Wudcak ya bi ƙarƙashin bangon dutse na wajen tudu ya yi ta kwashe ƙasa, har bangon ya fara yin ciki. 'Yarsu Darlene, wadda ke zaune a gari, ta daɗe tana cewa sun tsufa da wannan wahala. Ranar da ta ga bangon ta ce, "Baba, in rumbun nan ya tafi, ku ma kun tafi. Ɗaki na nan a gidana." Orval ya yi dariya ya ce ya yarda. Verna ba ta yi dariya ba, don ta san ba mai sake gina musu wani, kuma ba ta taɓa kwana uku a jere a wani wuri ba sai gonar nan.

Maƙwabcinsu Merle Bixby ya tsaya da a-kori-kurarsa ranar Talata, ya leƙo ta taga.

"Orval, shingenka tsirara bana. Tuba ka yi?"

"Barinsu nake su yi ƙiba."

"Ga keji na kawo maka. Yanka tuffa ka sa a ciki, gobe da safe ka tarar da shi zaune yana jiranka."

"In haɗa masa da bargo ma? Mayar da abinka, Merle. Wannan na mutanen gari ne masu tsoron jini."

Merle ya dubi Verna, Verna ta dubi kajinta. Ya mayar da kejin ya tafi.

Abin da Merle bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, idon Orval ne ke tafiya. Tun bara Verna ta gane. Ita ke tuƙi yanzu, wai ƙafarsa na ciwo. Ita ke karanta wasiƙu, wai tabaransa sun ɓata. Ba su taɓa kiran abin da sunansa ba. Kuma ta lura, duk ranar da ta nuna masa wani abu da ya wuce bai gani ba, sai ya yi kwana biyu ba ya magana, ya ci abinci kai a sunkuye. Wannan shirun ne take tsoro, tsoro na gaske, fiye da faɗansa.

Shi ya sa ranar Laraba da safe ta yi wautar da ta yi. Ta shiga ɗakin maruƙa a ƙasan rumbu, can lungu bayan tulin tsohuwar ciyawar shimfiɗa, sai ta ga jar ƙasa ɗanya a kan daɓen katako. Ta ture ciyawar da ƙafa. Rami ne, ya fito ta inda katako ɗaya ya ruɓe. Sau biyu a rana Orval ke shiga ɗakin nan. Ta ɗauko wani falanki ta rufe ramin, ta ɗora dutse a kai, ta share ƙasar. Ta ce a ranta za ta faɗa masa in ta sami ranar da yake cikin walwala.

Ranar Asabar ya sa ta kai shi kantin abincin dabbobi, ya sayo sandar hayaƙi. Kwali ne naɗaɗɗe, tsawon tafin hannu, da lagwani a baki. Ana kunna shi a tura cikin rami a toshe, hayaƙin ya gama da mai gidan a ƙasa. A mota ya miƙa mata.

"Karanta mini ƙananan rubutun nan. Kamar don tururuwa suka rubuta."

"Sun ce kada a kunna kusa da gini."

"Taku nawa suka ce?"

"Ba su faɗa ba."

"To taku goma sha biyu ba kusa ba ne. Ƙofar ramin ta tudu taku goma sha biyu take da bango, na auna. Ta gindin bango kuwa na cika ta da dutse da siminti tun Litinin. Ƙofa biyu gare shi, Verna, ɗaya kuma a rufe take."

Nan ne wurin magana. Ta buɗe baki, ta dube shi. Rabon da ta ga fuskarsa a sake haka tun kafin yankan farko. Ta ce a ranta ai ta ukun ma a rufe take, falanki da dutse. Ta tayar da mota.

Da hantsi suka hau tudu. Sati biyar ba ruwa, ciyawa na karyewa a ƙarƙashin takalmi. Aikin yana da ƙa'idarsa, kuma Orval ya san ta kamar sunansa. Ya fara yanko ɓangaren ƙasa da ciyawarsa da shebur ya ajiye a gefe. Ya kunna lagwanin, ya tura sandar da ƙotar fartanya iya tsawon hannunsa. Verna ta ga ƙotar ta tafi da sauƙi fiye da kima, don ramin gangarawa yake, wajen rumbu. Ya kifa ɓangaren ƙasar a baki, ciyawa ƙasa don kada turɓaya ta kashe wutar, ya tattake da diddige.

"Yanzu sai ido," ya ce. "Ke dubi gabas, ni yamma. Inda hayaƙi ya ɓullo, nan wata ƙofa take."

Suka tsaya. Ya juya fuskarsa yamma kamar mai dubawa. Ita ta dubi gabas, ta dubi yamma a madadinsa, ta dubi gindin bango. Minti biyar, minti goma. Ko zare na hayaƙi babu.

"Aiki ya yi kyau," in ji Orval. "Duk yana ciki tare da shi."

Verna ta sha ganin wannan aiki. Ko rami ya toshu yaya, hayaƙi kan sami tsaga ya leƙo, ko ta gefen ƙasar da aka kifa. Wannan bai leƙo ba ko kaɗan. Wato ya sami hanyar da ta fi masa sauƙi.

Ta ce za ta duba ruwan maruƙa. Gwiwarta na ciwo, amma da sauri ta sauka. A ɗakin babu hayaƙi, sai wari kamar na ashana da aka kashe. Ta kore maruƙan uku waje, ta ɗaga dutsen da falankin. Iska mai ɗumi ta bugi fuskarta. Ta ɗebo ruwa bokiti huɗu ta zuba a ramin, ruwan ya tafi ba ko ƙara. Ta durƙusa ta kasa kunne a daɓe. Tsakanin katakon nan da ƙasa akwai sarari kamar kamu ɗaya, kuma shekara ɗari ƙaiƙayi na zubowa ta tsagogi yana taruwa a ciki. Ba ta ji komai ba. Ta shafa katakon, ba zafi. Ta ƙara bokiti biyu, ta fito.

Da rana suka ci dafaffiyar masara da tumatir a baranda. Orval ya ci uku, yana ba ta labarin shekarar da ya rataye wudcak sittin da ɗaya, labarin da ta ji ya fi sau sittin da ɗaya.

"Ba kya ci, tsohuwa."

"Zafi ne."

"Gobe bayan coci zan gaya wa Merle ya sa kansa a kejin."

Ita rumbun take kallo. Tsattsewa sun cika sararin ƙofar sama, suna zuwa har baki su juya, ba mai shiga. Kullum da rana shige da fice suke ba hutu. Can kyanwar rumbu ta fito da ɗa a baki, ta ratsa tsakar gida ta shige ƙarƙashin baranda, ta koma. Sau huɗu ta yi haka. Orval ya jingina a kujera ya rufe fuska da hula.

Sau biyu Verna ta sake sauka. Na farko ba komai. Na biyu warin ya sake, ya bar na ashana ya koma na ganyen da ake ƙonawa a ƙarshen kaka, amma kaɗan ne, har ta ce ko hancinta ne ke yi mata ƙarya. Ta tsaya gaban tarho a kicin, hannunta a kai. In ta kira 'yan kwana-kwana, Merle ne zai fara zuwa, don yana cikinsu. Za su tambayi wa ya kunna, a ina, ya aka yi bai ga ramin ba. Kwarin nan duka zai sani kafin a fito coci. In kuma ba komai ne fa? Ta janye hannunta.

Wajen ƙarfe huɗu Orval ya miƙe ya yi miƙa. "Lokacin tatsa. Bari in koro shanu."

"Bar su tukuna."

"In bar su? Tun yaushe shanu ke jira?"

Idonta na kan rumbu. A bangon katako na sama, ta tsagar da ke tsakanin falankai, wani abu fari-fari na fitowa a hankali, daga tsaga ɗaya, sannan biyu, sannan layi guda. Bai ma yi kama da hayaƙi ba, sai ka ce tururin tukunya.

"Orval. Dubi rumbu."

Ya juya ya dube shi sosai, kai tsaye, ido buɗe. Taku hamsin ne tsakani.

"Me ya same shi? Bangon ne?"

Ta shiga ta kira 'yan kwana-kwana. Da ta fito ya kama hanyar rumbu, don yanzu hancinsa ya gaya masa. Ta bi shi ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu. Ya fizge, ta sake riƙewa. Daga ciki wata ƙara ta taso, ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota na hawa tudu daga nesa.

"Akwai ƙofa ta uku," ta ce. "A ɗakin maruƙa. Tun Laraba na gan ta. Na rufe da falanki ban gaya maka ba."

Ya daina ja.

"Na taka ƙasa a wurin ranar Talata," ya ce a hankali. "Na ji ta a takalmina. Na durƙusa, ban ga komai ba. Na ce in da rami ne, ai Verna za ta gani ta faɗa mini."

Kuka ya zo mata, ta haɗiye shi, don ba ta ga tana da hakkin yin sa ba.

Minti ashirin da biyar motar kashe gobara ta yi kafin ta iso. Merle ya diro, ya dubi rumbun sau ɗaya, ya ce wa mutanensa su juya mesa kan gidan kwana, su jiƙa rufinsa. Ba wanda ya yi gardama. Shanu sun taru can ƙarshen makiyaya suna kuka, hantsarsu cike. Orval na tsaye inda ta tsayar da shi, zafi na dukan fuskarsa, idonsa a kan babban jan haske da ba ya iya rarrabe komai a cikinsa. Ya lalubo hannunta.

"Ba na gani, Verna. Faɗa mini. Wutar ta kai rufi?"

Bakinta ya saba, har ya fara haɗa masa wata amsa mai sauƙi. Ta dubi inda rufin yake lanƙwashewa ta tsakiya.

"Ta kai," ta ce. "Yanzu zai faɗi."