Wa Ke Ba Manaja Madara?

Ni dai ba na shiga harkar mutane, kowa ya shaida. Tagata ce kawai aka gina tana kallon ƙofar maƙwabcina, tsohon Tela, idanuna kuma lafiyarsu ƙalau.

Shekarar Tela goma sha biyu da ciwon suga. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi magiya har ta koma ga Mahaliccinta, bai rage komai ba: cokali huɗu a kofin shayi, ga madarar gwangwani mai kauri a kai. Ta tafi ta bar masa wata tsohuwar kyanwa, Manaja. An sa mata sunan ne don ko ƙadangare ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta hau kan keken ɗinki tana kallon mai aiki.

Kwatsam Manaja ta fara ramewa, tana ɗirkar ruwa, tana jiƙa masa yaduddukan mutane da fitsari. Likitan dabbobi ya ce ciwon suga ne. Da na ji, sai da na riƙe ciki don dariya.

Ku zo ku ga jinya! Mutumin da ƙwayoyinsa suka yi wata shida a kan firji ba a buɗe ba, shi ne ya sayo sikeli yana auna wa kyanwa abinci. Bakwai na safe, bakwai na yamma, ya tattaro fatar wuyanta ya soka allura yana cewa, "Yi haƙuri, ranki ya daɗe."

Ana haka 'yarsa, wadda nas ce, ta zo ta soke masa yatsa ta gwada shi. Har ɗakina na ji salatinta.

"Baba, ai kyanwar nan ta fi ka lafiya! Ƙarshen wata zan dawo. In suganka bai sauka ba, gidana za ka koma. Kuma ka san mai gidan hayarmu ko tsuntsu ba ya bari a ajiye."

"Manaja fa?"

"A ba mai so."

Wa zai so tsohuwar kyanwa mai allura biyu a rana? Tela ya san amsar, ni ma na sani. Amma washegari na hango shi da kofinsa, cokali huɗu cif.

Ita ma Manaja nata sugan ya ƙi sauka. Likita ya ce lallai akwai mai ba ta wani abu a ɓoye. To, tsakanina da ku, kullum in Tela ya kishingiɗa bayan azahar, tana zuwa tagata, in jiƙa mata biskit a madara. Tausayi ne, baiwar Allah ta zama ƙashi da fata.

Sai ga Tela a ƙofata, tef ɗin awo a wuya, ido ja.

"Maƙwabciya, ke da ba abin da ke wuce ki, wa ke ba Manaja madara?"

Ni kuwa bakina bai taɓa ba ni kunya ba.

"Tela, ni ba na son tsegumi. Amma in ka sha shayi, ina kake ajiye kofin?"

"Ƙarƙashin kujera."

"To. Ni dai ban ce komai ba."

Ya dafe kai. "Ni ne nake kashe ta?"

Na zaci zai riƙa wanke kofin kawai, magana ta wuce. Na manta irin telan da yake: in ɗinki ya karkace ba ya faci, farke rigar yake yi gaba ɗaya. Kafin la'asar ya kwaso sugan gidan da madara gwangwani biyar ya dire mini. Da safe kuma, da ya yi mata allura, ya haɗiyi ƙwayarsa a gabanta, wai kada ta ga ita kaɗai ake wa.

Ni ma na rufe tagata. Manaja ta yi kwana uku tana zama a waje tana harara ta. Ita ce kaɗai shaida, Allah ya taimake ni ba ta magana.

Ƙarshen wata nas ta dawo. Ta gwada shi, ta girgiza na'urar, ta sake gwadawa.

"Ka gani, Baba? Na san maganata za ta shige ka."

"Wace magana?" in ji Tela, yana shafa bayan Manaja, wadda ta fara cikowa.

Tela ya zauna a gidansa, kyanwa na kan kekenta. Sai dai kafin nas ta tafi, ta zo ta durƙusa a gabana.

"Inna, ke ce idona a nan. Don Allah kullum ki riƙa shiga kuna shan shayin yamma tare, kada ya koma ruwa."

Yau wata biyu ke nan ina kurɓar ruwan ɗacin nan, ba suga, ba madara. Tela ya ce ai da daɗi in an saba. Ina haɗiya da ƙyar, Manaja kuwa daga kan keken ɗinki ba ta ɗauke ido daga kaina har sai na shanye.