Maƙwabta a Tsohuwar Kotu

Tun da aka gina sabuwar kotu a Gusau, tsohuwar ta zama gidan jemagu, har zuwa daminar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka. Sai hukuma ta buɗe ta, aka sauke 'yan gudun hijira a ciki. Aka raba zauren shari'a da buhuna da tsofaffin zannuwa, kowane iyali da lungunsa.

Jatau, wani manomi daga wajen Nahuce, ya samu wuri shi da matarsa Wasila kusa da dandamalin da alƙali yake zama a da. Da ya leƙa bayan buhun da ya raba su da maƙwabta, sai ya ga Inno, matar Jibo makiyayi. Ya yi maza ya saki buhun.

A wannan zauren ne, shekarun baya, Jatau ya rantse cewa da idonsa ya ga shanun Jibo sun cinye geron yayansa. Alhali bai gani ba, ranar yana kasuwar Bungudu. Yayan ne ya matsa masa. Aka ɗaure Jibo, ya fito da mugun tari, bai daɗe ba ya rasu.

Da zazzaɓi ya kwantar da Wasila, Inno ce ta yi jinyarta, ita ce wanki, ita ce damun kunu. In ta miƙo wa Jatau nasa, sai ya ajiye shi gefe bai sha ba.

Wata safiya ya tarar da ita tana hura wuta a tsakar gida, ya durƙusa.

"Inno, kin gane ni kuwa?"

"Tun ranar da kuka sauka."

"Wallahi ban ga shanun nan ba."

"Na sani, Malam Jatau. Shi ma Jibo ya sani."

"Ki yafe mini."

Ta gyara itace, ta ce, "Nawa na yafe tuni. Na Jibo kuwa ba a hannuna yake ba. Tashi ka kai wa Wasila kununta, kada ya huce."

Bayan girbi ɗanta Bashar ya zo tafiya da ita Tsafe. Jatau ya ɗauki ƙunshin kayanta a ka har tasha, ba ta hana shi ba. Bashar, wanda bai san ko wane ne shi ba, ya riƙe hannunsa ya ce, "Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri."

Jatau ya sunkuyar da kai, ya kasa cewa amin.