Jakar da Ta Je Birnin Rum

Tun ranar da Cyprian, akawun tashar jirgin ƙasa, ya bi ayarin cocinsu zuwa birnin Rum, matarsa Felicia ta hana Sabon Gari sakat. Duk wanda ta gani sai ta ce masa ya jira hotuna. Wadda ta fi shan wannan waƙa ita ce ƙawarta Wasilat, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, mace mai bakin tsiya.

Da ya dawo aka wanko hotunan, Felicia ta soya cincin, ta tara mata a tsakar gida, ta buɗe ambulan a gabansu. Ga coci mai ƙatuwar ƙubba, ga wani tsohon gini duk tagogi ba rufi, ga mutum-mutumi iri-iri, wani ko wando babu. Amma Cyprian, bawan Allah, bai fito a ko ɗaya ba. Shi ke riƙe da kyamara, kuma bai yi tunanin miƙa wa kowa ba. Mu kuwa a nan hoto na mutum ne: ka ci ado, ka tsaya, ka dafa kujera.

"Maman Uche," in ji Wasilat tana duban Felicia, "irin waɗannan ai a kanti ake sayar da su. Anya Akawu ya wuce Ikko kuwa?"

Mata suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe Felicia, har ƙwalla ta taru mata. Cyprian yana gefe yana ta sosa ƙeya.

Wasilat na cikin juya hotunan sai ta tsaya a kan ɗaya, ta matso da shi kusa da ido. Wani dattijon dutse ne mai gemu, ya miƙa hannu a bakin ruwa. A hannun ga jaka a rataye, mai zanen kifaye.

"Wannan ai atamfata ce," ta ce. "Ni na yanka miki, kika ɗinka masa."

"Nauyi ta yi mini," in ji Cyprian. "Na ga baban nan ba abin da yake yi da hannunsa."

Washegari hoton ya koma Kwari, aka liƙa shi a rumfar Wasilat. Kowa ya zo sayayya sai ya ji labarin atamfar da ta je Turai. Yanzu duk mai shakkar tafiyar Akawu, Felicia ba ta ko buɗe baki. Wurin Wasilat take tura shi.