Allon da Ba Ya Jin Nauyin Furfura

…ai tari ne ya kawo mu. A'a, wancan zuwan ke nan. Yau takardar nan ce a hannuna: ɗaki na huɗu, wajen mai koya wa yara magana.

Bencin nan da sanyi yake. Jikana, abokin faɗana, yana ƙasa yana jera murafan kwalba, ja kusa da ja. Shekara biyu da rabi, ko "Kaka" bai taɓa ce mini ba.

Ni na tsare hanya, gaskiya ɗaya ce. Da matar ɗana ta ta da maganar sai in ce, "Haba 'yata, ubansa ma sai da ya shekara huɗu." Wa zai musa wa wanda ya yi shekara arba'in yana koyarwa? Sai ta sunkuyar da kai…

A wancan zuwan, nas ta gama rubuta maganin tari, har za ta kira na gaba — kwamfutar ta ƙi rufe shafin. "Baba, haƙuri, abar nan ta fi shugabata naci. Duk yaro mai shekarunsa sai ta sa na yi tambayoyin nan." In an kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna abu da yatsa don a gani tare? Na ce e, e — ni da ban san me na karya da shi ba! Matar ɗana kuwa, murya can ƙasa, idonta a kan allon: "A'a. Ba ya yi."

Allon ta iya faɗa wa.

Likita ya ce na'ura tuni kawai take yi, su ne masu dubawa. Sun duba. Otizim, in ji su, lalurar da ke kawo wa yaro jinkirin magana da mu'amala — na rubuta a tafin hannu, alwala ta wanke. Sun ce an zo da wuri. Da wuri! Allah ya saka wa wanda ya ƙera ta, ko wane ne, ya san nas na gajiya, tsoho na mantuwa…

Tsaya. Ubansa? Ɗana da tun yana rarrafe marigayiya uwarsa ke cewa ya haɗiyi rediyo? To wa ya yi shirun?

Ƙanena. Shi ke zama bayan ƙofa yana kaɗa jiki, muka ce miskili ne. Har ya yi furfura ba wanda ya tsaya ya yi tambaya ko ɗaya a kansa.

Sunansa… yanzu zai zo mini. Sun buɗe ƙofa, suna kiranmu. Ku shiga, 'yata. Bari in ɗan zauna tukuna.