Ruwan Lagireton Baba

Yaya ne ya kira ni da safe, da muryarsa ta babban ɗa, wadda yake ajiyewa musamman don ranar da zai ɗora wa wani aikin da shi ba zai iya ba. Ya ce lokaci ya yi da za a karɓi makullin mota daga hannun Baba. Na ce madalla, yaushe zai zo ya karɓa? Ya ce ai ni ce auta, ni kaɗai ce Baba ba ya iya yi wa tsawa. Haka Yaya yake, daga nesa ya fi kowa jarumta.

Gaskiya dai yana da hujja. A 'yan watannin nan Baba ya goge ƙofar gida da gefen mota, ya kuma murƙushe tukunyar furen maƙwabciyarmu. Kowanne da dalilinsa: ƙofar ce iska ta turo, tukunyar kuwa an canza mata wuri ba a sanar da shi ba. Mama ta daɗe tana cewa idonsa ya yi yana, shi kuma ya ce idon da ya kai manyan motoci gari-gari bai taɓa take ko kaza ba, ba wanda zai zo ya haska masa tocila. Direba ne tun kafin a haife mu. Da ya ajiye aiki ya sayi 'yar ƙaramar motarsa, kuma ita ce abin da ya rage masa na sana'a. Shi ya sa na doshi gidan gabana yana faɗuwa.

Na iske shi a tsakar gida, bonet a buɗe, rabin jikinsa a cikin inji. Mama ta leƙo ta tagar kicin, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yayanki ya turo ki ko? Allah ya ba da sa'a. Ni dai ba ruwana, ban ma gan ki ba."

"Auta, zo ki gani," in ji Baba, ko ɗagowa bai yi ba. "Ruwa ya sauka."

Ya ƙwanƙwasa 'yar farar robar da ke gefen inji da ɗan yatsa, ya kara kunne. Na sunkuya na duba, lalle ruwan ya gota layin ƙasa. Da yake na san inda ake taɓa Baba ya yi tsalle, sai na ce bari in ɗebo na famfo a buta.

Ya ɗago a hankali, ya kalle ni kamar na ce a wanke jariri da kananzir.

"Famfo? A cikin gidana aka raine ki kuwa? Ruwan famfo tsatsa yake haifarwa, kuma ba ya jimirin zafi. Lagireto ruwansa daban. Shi ma ba kowanne ba. Kore kan kore, ja kan ja. Kika haɗa su, sai su yi kauri kamar taɓo su toshe hanya, inji ya dahu kina ji kina gani. Na ga babbar mota ta mutu a haka, mai ita yana zaune a gefen titi ya rafka tagumi."

Wannan karatu na haddace shi tun ina firamare, amma na gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Jarkarsa ta ƙare, don haka sai an je shago. Baba kuwa ba ya zuwa sayen ruwan lagireto hannu rabbana. Ya fara dafa inji ya tabbatar ya huce, don a cewarsa mai buɗe murfin nan da zafi ya gaji da fuskarsa ne. Sannan ya zaro farin hankici daga aljihu, ya murɗe bakinsa, ya tsoma cikin robar, ya fito da shi. Da wannan tabon yake zuwa shago ya gwada da jarkoki, yadda mata ke zuwa wurin mai zare da ƙyallen atamfa. Kore ma iri-iri ne, in ji shi, ba ya yarda a ba shi ɗan uwansa.

Ya shimfiɗa hankicin a tafin hannu, ya ce, "Kin gani? Kore shar."

Tabon ruwan hoda ne. Ko makaho aka gaya wa zai yarda.

Nan take na tuna. Bara, lokacin da Baba ya kwanta jinya, Yaya ya kai motar gareji aka juye ruwan gaba ɗaya, aka zuba irin wanda masu ƙera ta suka ce a sa. Bai gaya wa Baba ba, saboda dalilin da kowa ya sani. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda yake ninke hankicin da alfahari, na haɗiye.

Da ƙafa muka tafi, don ya ce motar da ruwanta ya sauka ba ta taka ko bakin ƙofa. Da muka zo tsallake kwalbati ya kama gwiwar hannuna ya ce in kula, takalman nan nawa masu tsini ba abin yarda ba ne. Bai saki ba har muka kai.

Shagon Dogo yana ƙarshen layi, yana warin roba da giris. Bel-bel a rataye a ƙusa, batura a jere a ƙasa, jarkokin ruwan lagireto a kan kanta, kore da shuɗi da ruwan hoda da ruwan lemo. Wasu direbobi suna zaune a benci, suka miƙe suna "Maigida, barka da zuwa," don yawancinsu a hannunsa suka koyi riƙe sitiyari. Baba ya amsa gaisuwa, ya warware hankici, ya bi jarkokin ɗaya bayan ɗaya yana karawa, yana ɗan karkata kai irin na masana. Sai ya dafa koriya.

"Wannan."

Dogo ya dubi hankicin, ya dubi jarkar, ya dube ni. Na ƙura wa batura ido kamar zan saya.

"Maigida," in ji Dogo, yana sosa ƙeya, "ai yanzu launi ya daina faɗin gaskiya. Kowane kamfani rina nasa yake yadda ya ga dama. Gara a duba littafin mota, sannan a duba bayan jarka, in sun dace shi ke nan."

Baba ya ɗauki jarkar ya juya bayanta. Ya miƙar da hannu har ƙarshe, ya dawo da ita dab da hanci, ya sake miƙarwa.

"Wannan rubutu ne ko sawun tururuwa? Bar ni da hankicina, Dogo. Ido ba mudu ba, ya san kima."

Direbobin benci suka ce ƙwarai kuwa, Maigida ya faɗi gaskiya. Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya. In na yi magana, na tsinka shi a gaban yaransa. In na yi shiru, inji ya dahu. Dogo, Allah ya saka masa, ya miƙo min jarkar yana cewa da ƙarfi, kamar da bango yake magana, duk jarkar da ba a fasa bakinta ba ana iya dawo da ita.

A gida Baba ya kafa mazurari a bakin robar, ya goge hannu, ya rungumi jarkar zai murɗe murfin. Duk dabarun da na tsara a hanya suka gudu suka bar ni.

"Baba, dakata. Ruwan da ke cikin motar ba kore ba ne."

"Ke za ki koya min launi?"

"Ruwan hoda ne, Baba. Yaya ya sa an canza bara."

Ya ajiye jarkar. Ya ɗaga murya ya kira Mama, wai ta zo ta raba gardama, yaran zamani sun fara raina mutane. Ta fito tana goge hannu da zani, ya miƙa mata hankicin ya ce ta faɗi tsakaninta da Allah.

"Ruwan hoda ne mana," in ji Mama, tana dariya. "Sak labulen ɗakinmu."

"Labulen ɗakinmu ba ruwan toka ba ne?"

Dariyar Mama ta tsaya. Ta dube shi, ta ninke hankicin a hankali, ta koma kicin. Na ji ta buɗe famfo, alhali na san ta gama wanke-wanke.

Baba ya zauna a kan bencin da yake ajiye sufana. Na tsuguna kusa da shi. Tambayar da ta zo min ban so yinta ba, amma ta riga ta fito.

"To Baba, a danja fa? Yaya kake yi?"

"Na sama tsaya, na ƙasa wuce. Wannan ai ko ɗan koyo ya sani."

"In rana ta haske fitilar fa?"

"Sai in bi na gabana."

"In kai ne a gaba?"

"Ai na baya ba sa rowar hon."

Na fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka ban san lokacin ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, don na tuna sau nawa ya ɗauko 'ya'yana daga makaranta a motar nan. Shi ma ina jin abin da ya tuna ke nan, don ya daɗe yana kallon ƙasa. Maganar makulli ban ko ɗauko ta ba.

Can ya nisa ya ce in buɗe akwatin gaban mota in ɗauko littafinta. Na karanta masa abin da aka ce a zuba, ya sa na maimaita. Na koma wurin Dogo ni kaɗai, muka duba bayan jarkoki har muka sami wadda ta dace. Da na dawo, Baba ya karɓa ya fasa bakinta da kansa, ya fara tsiyayawa a hankali.

"Ki duba min layin," ya ce. "In ya kai ki faɗa."

Ban taɓa jin Baba ya nemi wani ya duba masa wani abu a cikin mota ba. Na ƙura ido har ruwan ya hau tsakanin layukan, na ce ya isa. Ya rufe, ya sauke bonet, ya danna shi da tafin hannu. Sannan ya laluba aljihu ya miƙo min makulli.

"Zagaya da ita mu ga ko allurar zafi za ta tashi."

Ya bi ta gaban motar zuwa ɗaya ƙofar, ya ɗan tsaya yana neman mariƙin. Da ya zauna ya rasa inda zai sa hannuwansa, a ƙarshe ya ɗora su a gwiwa. Amma bakinsa bai rasa aiki ba. Wai na saki kuloci da gaggawa, na shiga kwana kamar mai gudun bashi, giya kuma ba a jan ta kamar ana jan akuya. Duk inda na doshi rami, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasan mota tana neman birki. Na ce Baba, a hankali, kar ka huda mana ita.

A mahaɗar babban titi danja ta tsayar da mu, mu ne a gaba. Baba ya miƙa wuya yana kallon fitilar, ya ƙanƙance ido. Ta canza. Kafin in ɗaga ƙafa ya juyo gare ni.

"Ta ba mu hannu ne, Auta?"

"Ta ba mu, Baba."

"To mu je."

Allura ba ta tashi ba har muka dawo. Na kashe mota a tsakar gida, na zare makullin na miƙa masa, don har ga Allah na riga na yanke cewa Yaya ya zo ya yi aikinsa da kansa. Baba bai karɓa ba. Ya naɗe yatsuna a kan makullin, ya riƙe hannuna cikin nasa, hannun yana warin giris.

"Ki gaya wa Yayanki," ya ce, "ni na ba ki. Ba karɓa kika yi ba."